Mota Mai Ciki Biyu

Kowa ya taɓa shiga mota daga Isa zuwa Sabon Birni, ko daga Sakkwato zuwa Illela, ya san shinge. Mota takan tsaya, ma'aikaci ya zo ya leƙa, ya ce a buɗe but. Wani lokaci ya ƙwanƙwasa jikin motar da hannu, ya kasa kunne. Wani lokaci ya durƙusa ya duba ƙarƙashinta. Fasinjoji su yi ta gunaguni, suna cewa rana tana yi, kasuwa za ta watse. To, me ma'aikacin nan yake nema?

Ciki na biyu yake nema. Motar gaskiya ciki ɗaya gare ta, watau wurin da kowa yake gani, inda mutane suke zama, da inda ake loda kaya. Amma akwai motocin da aka yi wa wani ciki dabam, wanda ido ba ya gani. Shi ne muke kira aljihun ɓoye. A wannan darasi za mu karanta ko mene ne shi, da abin da ake sawa cikinsa, da abin da doka ta ce, da yadda mutum zai tsare kansa.

Iyakar da ta ratsa gida ɗaya

Bari mu fara da ƙasarmu. Gobir ƙasa ɗaya ce tun ba a ja iyaka ba. Kufan Alƙalawa, tsohon birnin sarakunan Gobir wanda aka ci a 1808, yana nan a ƙasar Sabon Birni. Tsibiri kuwa, inda Gobirawa suka sake kafa sarauta daga baya, tana kusa da Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka raba ƙasar a takarda. Sa'an nan suka aiko ma'aikatansu, suka bi daji suna kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Tsawon iyakar Nijeriya da Nijar kimanin kilomita 1,500 ne.

Iyaka ba ta yanke zumunci ba. Har gobe ana auratayya, ana gaisuwar mutuwa, ana cin kasuwa tare. Shanu da tumaki da wake da kanwa da dabino suna shigowa, kayan masarufi suna fita. Wannan ciniki ne na halal, kuma da shi gidaje da yawa suke ci. Kakanninmu fatake ne. Sukan ɗaura kayansu bisa jakuna da raƙuma, a fili, kowa yana gani. In sun isa ƙofar gari, madugu ya biya kuɗin fito, ayari ya wuce.

Fasa-ƙwauri dabam ne. Shi ne mutum ya ƙetare iyaka da kaya ba tare da ya nuna wa hukuma ba, ko don gudun biyan kuɗin fito, ko don kayan an hana su. Abin da yake jawo shi bambancin farashi ne. A zamanin gyaɗa, in kuɗinta ya fi kyau a wancan gefe, sai buhuna su bi dare su ƙetare. A zamanin tallafin mai, fetur ya fi araha a Nijeriya nesa ba kusa ba, sai ya riƙa tsiyayewa zuwa Nijar, har ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin.

An sha rufe iyakar nan. An rufe ta a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. An rufe ta a watan Agusta 2019, aka buɗe ƙofar Illela a watan Disamba 2020. An kuma rufe ta a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a watan Maris 2024. Duk lokacin da aka tsananta tsaro, masu fasa-ƙwauri sukan nemi sabuwar dabara. Waɗansu su bi hanyoyin daji da babura. Waɗansu kuwa su bi babbar hanya, ta gaban ma'aikata, amma da mota mai ciki biyu.

Mene ne aljihun ɓoye?

Kowace mota tana da wuraren ajiya waɗanda kamfani ya ƙera ta da su. Akwai but, akwai wurin safaya, akwai ɗan akwatin gaban mota inda direba yake sa lasin da takardu. Babbar mota kuma tana da akwatin kayan gyara. Waɗannan duka ba laifi ba ne. Kowane makaniki ya san inda suke, kowane ma'aikaci ya san inda suke.

Aljihun ɓoye shi ne wurin da aka ƙara daga baya, aka rufe shi, aka shafe shi da fenti, don wanda ya duba ya ɗauka babu kome a wurin. Wani a daɓen mota ake yi masa, wani a bango, wani a tanki. Akwai kuma masu ƙara wa ƙaramar mota tanki, har ta sha man da ya fi ƙarfinta sau da yawa, a je a juye a wancan gefe.

Ka lura da wannan bambanci. Akwatin kayan gyara an yi shi ne don ajiya. Aljihun ɓoye an yi shi ne don yaudara. Mai buhun gero ba ya bukatarsa. Mai akuya ba ya bukatarsa. Ba wanda zai biya mai walda kuɗi masu yawa, ya ɓata kwana da kwanaki, don ya ɓoye abin da doka ta yarda da shi. Saboda haka in aka sami irin wannan aljihu a mota, shi kansa shaida ne a kan niyyar wanda ya sa aka yi shi.

Ban da maganar doka, irin wannan mota hatsari ce a hanya. In an yanka ƙarfen mota an sake liƙe shi, ƙarfinsa ya ragu. In an ƙara mata tanki, ta zama tulun wuta mai ƙafa huɗu. Karo kaɗan, ko tartsatsi ɗaya, ya isa ya cinye ta da duk wanda yake ciki. Fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san a kan me yake zaune ba.

Me ake ɓoyewa?

Aljihun ɓoye ƙarami ne, don haka ba a sa masa kaya masu arha. Abin da ake sawa shi ne abu marar girma mai kuɗi da yawa, ko kuwa abin da in an gan shi sai ɗauri.

Na farko, miyagun ƙwayoyi. Akwai tiramadol, wadda samari suke kira tiramol. Asalinta maganin ciwo ce wadda likita yake rubutawa. Hukumar kula da abinci da magunguna, watau NAFDAC, ta yarda da mai ƙarfin miligiram 50 da 100. Masu fasa-ƙwauri kuwa mai 200 da 225 suke kawowa. Akwai maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da yinsa a watan Mayu 2018. Akwai kuma tabar wiwi. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara ɗaya. Waɗannan 'ya'yan mutane ne, kamar namu.

Na biyu, makamai da harsashi. Tun da gwamnatin Libiya ta faɗi a 2011, makamai suka bazu a ƙasashen Sahel. Waɗansu kuma ta teku suke zuwa. A watan Oktoba 2010 an kama kwantena 13 cike da makamai a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a Legas, an rubuta a takardunsu wai kayan gini ne. A watan Janairu 2017 'yan kwastan suka kama bindigogi 661 a Legas, an ɓoye su cikin kwantena tare da ƙofofin ƙarfe. Ka ga dabarar ɗaya ce, ko a kwantena ko a mota: a nuna abu mai kyau a sama, a ɓoye mugu a ƙasa.

Na uku, fetur da sauran kayan da ake kai wa mutanen daji. Baburansu ba sa tafiya da ruwa.

Abin da ya same mu

A wani wuri wannan magana labari ce. A Isa da Sabon Birni kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka gudu zuwa jihar Maraɗi don tsira da rai. A watan Mayu 2020 'yan bindiga suka auka wa Garki da waɗansu ƙauyukan Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 60 a rana ɗaya. A watan Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Disamba na shekarar nan suka ƙona mota da matafiya a ciki kusa da Gidan Bawa, fiye da 20 suka rasu. A 2024 suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu cikin watan Agusta. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya.

To, yi tunani. Harsashin da aka harba a waɗannan wurare ba a shuka shi a gona. Ba maƙerin ƙauye ne ya ƙera shi ba. Daga nesa ya zo. Wani ne ya ɗauko shi, wani ya ɓoye shi, wani ya wuce da shi ta shinge, wani ya karɓi ladansa. Haka ƙwayar da yaron daji ya sha kafin ya fito. Haka man da ya zuba wa babur. Wani ya zo a cikin buhun hatsi, wani a bayan raƙumi, wani a aljihun mota. Ɗan bindiga yana daji, amma cefanensa daga gari ake yi masa.

Dalilin da ya sa ke nan a watan Satumba 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma yanke layin waya a ƙananan hukumomi 14 na wani lokaci. Kowa ya tuna wahalar da aka sha. Mai injin niƙa ya rasa mai, mai ban-ruwa ya rasa mai, mai ɗa a birni ya kasa jin muryarsa. Laifin mutane kaɗan ne, amma jama'a duka suka biya.

Abin da doka ta ce

Dokar kwastan ta Nijeriya tsohuwa ce. An yi babbar dokar a 1958, tun kafin 'yancin kai, aka yi ta aiki da ita shekaru da yawa. A 2023 aka kafa sabuwa a madadinta. Ga abubuwa huɗu da ya kamata kowa ya riƙe.

Na ɗaya, kaya. Duk kayan da aka ɓoye don a yaudari ma'aikacin kwastan, hukuma tana da ikon ƙwace su. Ko da kayan ba haramtattu ba ne, ɓoyewar ta isa ta sa mai su ya yi asararsu.

Na biyu, abin hawa. Motar da aka ɗauko kayan fasa-ƙwauri da ita, ko aka ɓoye su cikinta, ita ma ana iya ƙwace ta. Haka babur, haka dabba. Mota ta tafi, jarin shekara goma ya tafi.

Na uku, mutum. Idan ƙwaya ce, maganar ta koma hannun hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, watau NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Dokarta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da ƙwayoyi irin su hodar iblis, ko fita da su, ko safararsu. Wanda aka samu da su a hannu kuwa, shekara 15 zuwa 25. Idan bindiga ce, akwai dokar makamai ta 1959, wadda ta hana riƙe bindiga ko harsashi ba da izini ba. Tun watan Janairu 2022 gwamnatin tarayya ta sa 'yan bindigar daji cikin jerin 'yan ta'adda. Saboda haka mai kai musu makami ko mai ko ƙwaya, ana iya tuhumarsa da taimakon ta'addanci.

Na huɗu, mataimaki. Doka ba ta tsaya kan wanda aka kama da sitiyari a hannu ba. Wanda ya haɗa baki, da wanda ya ba da mota yana sane, da wanda ya ƙera maɓoyar yana sane da abin da za a yi da ita, duk ana iya gurfanar da su. Hausawa sun riga sun faɗa, abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Ba mu kaɗai wannan abu ya dama ba. A Ingila, dokar kwastan ta 1979 ta ce duk jirgi ko motar da aka samu a tashar shiga ƙasa, an ƙera ta ko an canja ta don ɓoye kaya, ana iya ƙwace ta. Ka lura, ba a ce sai an sami kaya a ciki ba. Aljihun kaɗai ya isa.

A Amurka, jihar Ohayo ta yi doka a 2012 wadda ta haramta ƙera aljihun ɓoye a mota da niyyar safarar ƙwaya, ta kuma haramta tuƙa motar ga wanda ya san abin da aka yi ta dominsa. Amma dokar ta ware akwatin ajiyar dukiya irin wanda ake sayarwa a kanti, muddin ba a sami ƙwaya ko ɓurɓushinta a ciki ba.

A can Amurka ne kuma aka yi shari'ar wani gwanin haɗa kayan sauti a mota, mutumin jihar Kalifoniya. Ya ƙera wa waɗansu mutane aljihun ɓoye, su kuwa fataken ƙwaya ne. Ba a kama shi da ƙwaya a hannu ba. Amma kotu ta ce ya san abin da ake yi da aikinsa, aka ɗaure shi fiye da shekara 24. Masu walda da makanikai, wannan labari naku ne.

Me ya sa ake bin aljihun kansa? Domin direban da aka kama yau, gobe an sami wani a madadinsa. Talauci ya sa masu neman aiki sun yi yawa. Amma gwanin da ya iya wannan ƙira ba shi da yawa, kuma motar da aka ƙera za ta yi sawu ɗari in ba a tsayar da ita ba. In an toshe gindin, reshe ya bushe.

Wani misali

A ce ga wani mai walda a bakin tasha. Wata rana da yamma wani baƙo ya zo da mota, ya ja shi gefe.

Ya ce, "Maigida, wani ɗan aiki nake so ka yi mini a daɓen motar nan. Amma da dare za ka yi shi, ka kuma sallami yaranka."

Mai walda ya ce, "Alhaji, wane irin aiki ne wannan da ba ya son rana?"

Baƙo ya ce, "Wurin ajiya ne kawai. Faɗi kuɗinka, zan ninka maka."

Mai walda ya ce, "Me za a ajiye?"

Baƙo ya ce, "Wannan ba ruwanka. Kai dai yi aikinka."

Mai walda ya yi shiru. Yana da iyali, ga hatsi ya yi tsada. Amma ya tuna ƙanensa da aka biya kuɗin fansa kafin a sako shi. Sai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. In ƙofa ce ta lalace, ko bodi ya tsage, kawo da safe in gyara maka a gaban kowa. Wannan kuwa ba na yi."

Alamu uku ne suka faɗakar da shi. Ana son a yi aikin a ɓoye. Kuɗin ya wuce ƙa'ida. An ƙi gaya masa amfanin abin. Duk aikin da ya haɗa waɗannan uku, akwai lauje cikin naɗi.

Tambayoyin da mutane sukan yi

Wani zai ce, "Ni ɗan kasuwa ne. Hanyar Shinkafi da ta Sakkwato ba lafiya. In na ɓoye kuɗina a mota don gudun ɓarayi, na yi laifi?" Ɓoye dukiyarka daga ɓarawo dabam, ɓoye kaya daga hukuma dabam. In ma'aikaci ya tambaye ka, nuna masa, ka gaya masa inda ka samu. Amma kada ka sa a yanka mota a yi mata aljihu, domin zai jawo maka zargin da wanke shi sai an sha wuya. Abin da ya fi shi ne ka rage yawo da tsabar kuɗi. Sa su a banki, ka karɓa a inda za ka.

Wani zai ce, "Shinkafa ce kawai, ko ɗan fetur. Wa na cuta?" Hanyar da shinkafa ta bi yau, ita harsashi zai bi gobe. Aljihu ba ya tambayar abin da aka sa masa. Wanda ya saba ba ka kayan arha ka wuce da su, ran da ya amince da kai zai ba ka ƙunshi ya ce kada ka buɗe.

Wani kuma zai ce, "Ai da na goro ake wucewa." Gaskiya ne akwai ɓata-gari a kowace sana'a. Amma mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne a gaban doka. Kuma shinge ba ɗaya ba ne, ma'aikaci ba ɗaya ba ne. Akwai masu auna mota ciki da waje, akwai masu gane sabon fenti da sabuwar walda, akwai karnukan da aka koya wa sansano ƙwaya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Yadda za ka tsare kanka

Mutane da yawa da aka kama, kalmarsu ɗaya ce: "Ban sani ba." Wataƙila gaskiya suke faɗi. Amma kafin kotu ta gane haka, an yi watanni a tsare, an sayar da gona an biya lauya, iyali sun tagayyara. Rigakafi ya fi magani.

In kai direba ne, tsaya a kan motarka lokacin lodi. Kada ka karɓi saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ko na wane ne. Yi lodi a tasha, inda 'yan ƙungiya suke rubuta sunan mai kaya. In an ba ka takardar kaya, karanta ta, ka gwada da abin da aka loda. Nan ne iliminka zai yi maka rana, domin wanda bai iya karatu ba yakan sa hannu a kan abin da zai ɗaure shi.

In kai mai mota ne, san wanda ka ba makulli. Riƙa kai motarka wurin makanikin da ka amince da shi yana dubawa. In direbanka ya fara kwana da ita inda ba ka sani ba, ko ka ga kuɗinsa ya fi aikinsa, bincika.

In za ka sayi tsohuwar mota, tafi da makaniki. Ya duba daɓe da bango da tanki. In ya ga wurin da aka yanka aka liƙe ba dalili, ka fasa. A rubuta takardar ciniki da kwanan wata da shaidu, ka adana ta.

In kai fasinja ne, kada ka ce jakar wani taka ce don ka taimake shi a shinge. Mata, ku ma ku lura. Masu wannan sana'a sukan nemi mace mai goyo ko tsohuwa su ba ta ƙunshi, don sun san ana jin nauyin bincikenta.

In kai ɗan kasuwa ne mai ƙetare iyaka, bi ƙofar da hukuma ta sani, kamar ta Illela ko ta Jibiya. Kayan da aka hana da waɗanda aka yarda da su sukan canja daga shekara zuwa shekara. Tambayi ofishin kwastan kafin ka zuba jarinka. In ka biya kuɗin fito, karɓi rasit.

In kuwa ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, kada ka tunkari mutanen da kanka, kada kuma ka yi ta zancen a majalisa. Gaya wa hakimi ko wani jami'in da ka amince da shi, a asirce.

Wanda ya ba da kayan yana zaune a birni, ba wanda ya san fuskarsa. Direba da yaron mota da mai walda su ne a bakin wuta. In an wuce lafiya, ladansu kaɗan ne. In an kama, su ne a gidan yari. In kuwa kayan sun isa daji, ƙauyensu ne zai ji ƙararsu da dare. Kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin akwatin kayan gyara da aljihun ɓoye?
2. A waɗanne shekaru aka kafa alamun iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar?
3. Faɗi abubuwa uku da ake ɓoyewa a aljihun mota.
4. Ban da kaya, me kuma hukuma take iya ƙwacewa?
5. Waɗanne alamu uku ne suka faɗakar da mai walda?
6. Rubuta abu biyu da direba zai yi kafin ya tashi daga tasha.